Digirin digirgir a inuwar kamfani: bincike ne ko ƙwadago?

Malamin kimiyyar lantarki: Assalamu alaikum. Ra'ayin da na daɗe a kansa shi ne, ɗalibin da ya yi digirin digirgir a fannin semikondakta, wato kayan da ake ƙera cif ɗin kwamfuta da na waya da su, a cibiyar da kamfanoni ke zuba wa kuɗi, irin imec da ke Leuven a Beljiyam, ƙwadago ya yi wa masu kuɗin a kan lada ƙanƙane, sai aka yafa masa rigar jami'a. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku dubi tiranzistar FinFET, wani nau'in ƙaramin makunnin lantarki da ke cikin cif, wadda Chenming Hu da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a ƙarshen shekarun 1990 da kuɗin gwamnatin Amurka, kuma sai a 2011 kamfanin Intel ya bayyana cewa zai fara ƙera irinta. Wane kamfani ne zai jira ɗalibi fiye da shekara goma?

Injiniya a masana'antar cif: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, misalin yana da ƙarfi, amma kayan aikin wancan zamani ba su ne na yau ba. Na'urar da ke zana da'irori a kan faifan silikon da hasken da tsawon zangonsa nanomita 13.5 ne, kamfanin ASML na Veldhoven a ƙasar Holan ne kaɗai yake ƙera ta, kuma sabon samfurinta ya haura dala miliyan 300, kuɗin da babu sashen jami'ar da zai iya fitarwa. Dalilin irin wannan ne gwamnatin yankin Flanders ta kafa imec tun 1984, domin jami'o'i da kamfanonin da ke hamayya da juna su yi tarayya a ɗakuna marasa ƙura. Sannan imec ba ta ba da digiri. Jami'a irin KU Leuven ce take bayarwa, farfesa ne yake duba aikin, kwamiti kuma ya yi wa ɗalibi tambayoyi. Ita kanta tiranzistar farko ai a Bell Labs aka ƙirƙiro ta a 1947, gidan binciken kamfanin tarho na AT&T.

Ɗaliba a shekara ta uku: Yaya Injiniya, ni ina cikin abin, kuma rabin maganar Malam gaskiya ce. Na kammala wata maƙala, amma kamfanin da ke ɗaukar nauyin aikina ya riƙe ta watanni har sai da lauyoyinsa suka shigar da takardar haƙƙin ƙirƙira, da aka sake ta kuma an umarce ni in goge ainihin lambobin da ke jikin jadawalin, ta yadda wani mai bincike ba zai iya maimaita gwajin ba. Binciken da ba a iya maimaitawa, da wane suna za a kira shi? Duk da haka ba zan ɓoye ba, faifan silikon mai faɗin milimita 300 da nake gwaji a kansa kowane mako, a jami'a zalla da sai dai in gan shi a hoto.

Malamin kimiyyar lantarki: Madalla, 'yata. Injiniya, Bell Labs ya samu sararin dogon bincike ne saboda AT&T ya mamaye harkar tarho a Amurka ba shi da abokin hamayya, kuma an rarraba kamfanin a 1984. Kamfanonin yau suna tsere ne da juna a kan kowane nanomita.

Injiniya a masana'antar cif: Na karɓi wannan, Malam. Sai dai abin da ya samu ƙanwata matsalar yarjejeniya ce. A Faransa, tsarin CIFRE da aka fara a 1981 yana sa kamfani ya ɗauki ɗalibi aiki na shekara uku, gwamnati ta tallafa, a kuma rubuta yarjejeniya tsakanin kamfani da ɗakin binciken jami'a a kan mallakar sakamako da wallafa shi. Ƙanwata, kin ga irin wannan takarda kafin ki fara?

Ɗaliba a shekara ta uku: Na gan ta, Yaya, na kuma sa hannu. An rubuta cewa kamfani zai duba maƙala kafin a wallafa, amma ba a rubuta kwana nawa zai ɗauka ba, ni kuma a lokacin takardar izinin shiga ƙasa ce ta fi damuna.