Me ya sa 'yan takara a Amurka ke neman goyon bayan ƙungiyoyin LGBT tun a zaɓen fitar da gwani?

Ɗalibin kimiyyar siyasa, Ngaundare:

Assalamu alaikum. Ina shekara ta uku a jami'a, an kuma ba ni aikin rubutu a kan yadda ƙungiyoyin da ba jam'iyyu ba suke juya akalar zaɓe. Cikin misalan da na ci karo da su akwai ƙungiyoyin masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi, waɗanda ake taƙaita sunansu da LGBT, da aka ce a wasu biranen Amurka 'yan takara kan je da ƙafarsu su nemi goyon bayansu tun a zaɓen fitar da gwani. Lissafin ne ya ɗaure mini kai, domin mutanen nan tsiraru ne ko a can, saboda haka ban ga abin da mai neman kujerar kansila ko ta alƙali zai samu daga gare su da har zai sa ya yi wannan tattaki ba. A wajenmu a Kamaru jam'iyya ce take tsara jerin sunaye ta miƙa wa hukumar zaɓe ta ELECAM, mu jefa wa jerin ƙuri'a, sannan kansilolin da suka ci su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Ba fatawa nake nema ba, matsayin addini sananne ne gare mu duka. Yadda abin yake aiki nake so manya su warware mini.

Tsohon malamin tarihi, Garwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kuskurenka na farko shi ne kana ƙidaya su a cikin jama'ar gari baki ɗaya, alhali wanda yake takara a zaɓen fitar da gwani ba jama'ar gari yake ƙidayawa ba, waɗanda za su fito ran zaɓe yake ƙidayawa. A irin wannan zaɓe sau da yawa ko kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajista ba sa fitowa, kuma a birnin da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, wanda ya sami tutarta tamkar ya riga ya hau kujerar ne. Mutum dubu biyu da suka tabbata za su fito, kuma za su jefa ƙuri'a wuri guda, sun fi mutum dubu ashirin da za su zauna a gida nauyi a ma'aunin ɗan siyasa.

Amma abin da zai fi amfanar rubutunka shi ne rigimar da ke cikin su kansu ƙungiyoyin, kuma tarihin San Faransisko ya nuna ta a fili. A 1971 wani mutum mai suna Jim Foster ya kafa ƙungiyar Alice B. Toklas a ƙarƙashin inuwar jam'iyyar Dimokurat, tsarinta kuwa shi ne a mara wa manyan 'yan siyasa masu sassaucin ra'ayi baya, su kuma su riƙa tunawa da ƙungiyar idan sun hau. Da Harvey Milk, mai shagon kayan ɗaukar hoto a titin Castro, ya fito takarar majalisar birni a 1973, ya je wurin Foster neman goyon baya, sai aka hana shi, duk da cewa shi ɗan cikinsu ne wanda bai ɓoye halinsa ba. An ruwaito cewa Foster ya gaya masa wanda bai taɓa jera kujerun taro ba ba ya shiga rawa, wato dai bai yi wa jam'iyya bautar da za a ɗaga hannunsa ba. Duk wanda ya san siyasar unguwa a nan Garwa ya taɓa jin irin wannan magana.

A 1976 Milk ya shiga zaɓen fitar da gwani na kujerar majalisar dokokin jihar Kalifoniya, su Foster suka sake juya masa baya suka bi Art Agnos, wanda ba ɗan cikinsu ba ne amma yana da manyan jam'iyya a bayansa, Milk ya faɗi da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 4,000 ba. Daga nan shi da mutanensa suka kafa tasu ƙungiyar. Abin da ya buɗe masa ƙofa a ƙarshe kuwa sauyin tsarin zaɓe ne, domin a 1977 an daina zaɓen 'yan majalisar birni daga gari baki ɗaya, aka koma kowace gunduma ta zaɓi nata, sai unguwar Castro, inda 'yan cikinsu suke da yawa, ta zama mai faɗa a ji a gundumarta. Ko a lokacin tsohuwar ƙungiyar wani lauya mai suna Rick Stokes ta tsayar, amma Milk ya ci da kusan kashi 30 cikin ɗari a tsakanin 'yan takara 17. Bai cika shekara a kujerar ba aka harbe shi tare da magajin gari George Moscone ranar 27 ga Nuwamba, 1978. Tambayar da ta raba su, ko a bi baƙo mai ƙarfi ko a tsayar da na gida mai rauni, ita ce take raba kowace ƙungiya da ta shiga siyasa, ta mahauta ce ko ta 'yan kasuwa.

'Yar Marwa mazauniyar Hustan:

Baba Malam ya ba ka tarihi, ni bari in gaya maka abin da idona ya gani, ƙanena, domin shekarata goma sha ɗaya a wannan gari na jihar Tekzas. A nan har alƙalai zaɓensu ake yi da tutar jam'iyya, shi ya sa takardar zaɓen fitar da gwani da ake yi a watan Maris take da tsawon da ba a magana, kujeru gommai, mafi yawansu na kotunan da ko sunansu ba ka taɓa ji ba. Ran da na fara jefa ƙuri'a bayan na sami takardar zama 'yar ƙasa, na tsaya gaban na'urar kamar baƙauye a tashar mota, domin bayan sunaye huɗu ko biyar na sama ban san kowa ba. A bakin ƙofa kuwa, can nesa da inda doka ta hana yaƙin neman zaɓe, ga mutane tsaye a rana suna raba 'yan katuna, kowanne na ƙungiya daban: na ƙwadago, na majami'u, na baƙar fata, da na ƙungiyar LGBT ta garin. Matar da ke gabana a layi, tsohuwa ce da sandarta, katin wannan ƙungiya ta ƙarshe ta riƙe tana bi suna bayan suna. Ba na jin tana da wata alaƙa da su. Da muka fito take ce mini ta yarda da katin ne saboda ta san suna zaunar da 'yan takara su yi musu tambayoyi kafin su sa sunansu.

Nan ne ƙarfin yake, katin yana kai wa ga mutanen da suka ninka 'yan ƙungiyar yawa. An kafa ƙungiyar tun 1975, kuma tsarinta shi ne ɗan takara ya cike takardar tambayoyi, ya zauna gaban kwamitin tantancewa, sannan 'yan ƙungiya su taru su kaɗa ƙuri'a a kan wanda za a sa a katin, wani lokaci bayan muhawara mai zafi ta sa'o'i. Wanda aka sa sunansa yana samun masu buga wa jama'a waya da masu bi gida-gida ba tare da ya biya su ba.

Kada kuma ka ɗauka kullum riba ce. Sun goyi bayan Kathy Whitmire ta zama mace ta farko da ta riƙe garin a 1981, amma a 1985 jama'a suka kayar da dokar kare su a aikin gwamnatin birni da gagarumin rinjaye, daga nan aka ɗauki lokaci 'yan takara suna gudun katin kamar wuta. Annise Parker, wadda ta taɓa shugabantar ƙungiyar, ta ci kujerar magajin gari a 2009 ta yi wa'adi uku, amma a 2015 mutanen da suka zaɓe ta ɗin nan suka soke dokar hana wariya da ta tsaya a kanta, da kusan kashi 61 cikin ɗari.

Ma'aikacin ofishin lauya, Njamena:

Ina da ƙari biyu ga bayanin Malam da na Hajiya. Na farko, kada ɗalibin nan ya rubuta cewa ƙungiyoyin duk na jam'iyya ɗaya ne, domin akwai ƙungiyar Log Cabin a cikin jam'iyyar Rifablikan, wadda a 2004 ta ƙi mara wa George W. Bush baya saboda ya nemi a sa haramcin auren jinsi a tsarin mulki, kuma hana goyon baya shi ma makami ne. Akwai kuma asusun Victory Fund da aka kafa a 1991, wanda ya raba gardamar da Malam ya ambata ta hanyar tara kuɗi don 'yan cikinsu kaɗai.

Na biyu, ka yi hattara wajen kwatantawa da nan, ƙanena. A Kamaru sashe na 347-1 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar a kan wannan hali, a Cadi kuma sabuwar dokar laifuka ta 2017 ta haramta shi, saboda haka ƙungiya irin wannan mai buga kati da sunanta tana rabawa a bakin rumfar zaɓe ba abu ne da zai faru a Garwa ko Njamena ba. Idan kwatanci kake so, ka dubi ƙungiyoyin 'yan babur na haya da na dillalan shanu da na matan kasuwa, ka kuma lura cewa tun da jerin sunaye ake zaɓa, matsin da suke yi a ɗakin da ake rubuta jerin yake ƙarewa, kafin takarda ta isa hannun mai jefa ƙuri'a.

Ɗalibin kimiyyar siyasa, Ngaundare:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Zan gina rubutun a kan zaɓen 1976 na San Faransisko da katin Hustan, sannan in nemi shugabannin 'yan babur na nan garin in tambaye su yadda aka yi da su lokacin tsara jerin kansiloli na zaɓen Fabrairun 2020. Hajiya, idan kina da ɗaya daga cikin katunan nan a ajiye, don Allah ki ɗauko mini hotonsa gaba da baya.