Ƙibar tana dawowa bayan tiyatar rage tumbi: a sake aiki ko in fara allura?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. A 2021 aka yi mini tiyatar rage tumbi a Alƙahira, irin wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 a bar shi siriri kamar ayaba. Na shiga da kilo 128, cikin shekara ɗaya da rabi na sauko 84. Yau da safe sikeli ya nuna 103. Ba na shan lemon kwalba, tuwo ma loma huɗu na ƙoshi. Dare ne matsalata. Tun rasuwar Hajiyarmu bara, yara na yin barci sai in tsinci kaina a kicin da robar cincin, ina jefa ɗaya-ɗaya har ƙarfe ɗaya, kuma wallahi ba yunwa ba ce. Ga ƙwannafi yana tashina. Likita ya ce ko a mayar da aikin ya zama na karkatar da hanji, wato abinci ya riƙa tsallake wani sashe na hanjin, ko in fara allurar rage ƙiba ta mako-mako. Wadda ta gwada ɗaya a ciki ta taimaka mini.

Ummu Sudais: Allah ya jiƙan Hajiya. Ki bar lemon kwalba kawai, ki riƙa shan ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe.

Maman Ilham: Amin, Anti. Ai na ce ba na sha.

Hajiya Babba: 'Yar nan, kar ki kuskura ki sake kwanciya a gadon nan. Ni a 2018 na je Indiya, sarƙata da awarwaro na sayar. Ciwon suga da gwiwa suka kai ni, sai kuma gorin Alhaji, don in ya shigo sai ya ce kujera ta yi kuka. Kilo 40 na zubar. Me na samu? Dangin miji suka baza cewa ciwon zamani ne, har wata ta hana jikarta shan ruwa a kofina. Gashina ya zube, Alhajin kuma duk da haka ya yi amaryarsa. Daren da aka kawo ta na gano fura ba ta tsayawa a ƙirji kamar nama. Daga nan kullum la'asar kwano guda da suga da madarar gari, in sha in yi kuka. Yanzu kilo 6 ya rage in koma inda na fito, allurar bitamin B12 kuma ba ranar dainawa. Dillalin da ya kai ni ya daina ɗaga wayata tun ina filin jirgi. Dala 5,500 ta tafi a banza.

'Yar Damagaram: Dala 5,500? Hajiya an cuce ki. Ƙanwata 3,000 ta biya a Turkiyya har da otal.

Hajiya Babba: To ki tambaye ta bayan shekara uku.

Uwar Biyu: Ni allurar mako-makon nan Ozempic nake yi wata biyar, tunanin abincin nan ya yi shiru. Naira dubu 180 nake sayen alƙalamin allurar guda ɗaya.

Zee Kaduna: Dubu 180 a ina? Ni 350 aka ce mini. Ki bincika da kyau, a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan na jabu. Kuma firij yake so, da wannan wutar tamu.

Sista Nas: Maman Ilham, ki bar batun farashi tukuna. Ɓangaren da aka cire shi ne yake fitar da mafi yawan sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa shekarar farko take da sauƙi. Amma cincin, fura, askirim, duk zamewa suke yi su wuce, tsakure na awa uku kuwa ya fi faranti guda. Karkatar da hanji yana taimaka wa ƙwannafi sosai, wannan gaskiya ne, amma ba zai hana ki shiga kicin da dare ba. Allurar ma in aka daina, yawanci nauyi yana dawowa. Ki fara ganin likitan ƙwaƙwalwa kan rashin da kika yi, a kuma duba miki tumbin da kyamara.

Hajiya Babba: Sista, ke aka yanka ko mu? Yarinya ta zo da ciwon ciki kin tura ta gidan mahaukata.

Sista Nas: Hajiya, ki yi haƙuri, amma labarin furarki shi ne hujjata.

Baban Khalifa: Don Allah tumbin da ake cirewa ina ake kaiwa? Ni a ƙara mini, shekara goma ina kilo 52, surukata tana zargin 'yarta ba ta dafa mini.

Uwar Biyu: Malam, mata na magana.

Zee Kaduna: Ni abin da ke ƙona mini rai mutanenmu ne. Ka rame a ce lafiya kuwa, ka murje a ce hutu ya karɓe ka. Bikin ƙanwata na ce na ƙoshi da cokali uku, gwaggo ta ce raina girkinta na yi, ta tsaya a kaina sai da na ci na je bayi na amayar.

Maman Ilham: Wadda aka yi wa karkatar da hanjin fa? Ko mutum ɗaya?

'Yar Damagaram: Zee, taki gwaggon da sauƙi. Tawa har gida take aiko alkaki da dubulan a bokiti, gobe ta bugo waya ta ji ko an cinye a maido mata bokitinta.