Shawarwarin manoman Argungu kan haƙar gas da baƙin ciyayi

Bayan La'asar muka zauna da manoman fadama a Argungu kan batun neman iskar gas a yankinmu. Wani malamin gona ya ce a jihar Pensilbaniya ta Amurka, baƙin ciyayi, wato waɗanda ba 'yan asalin wurin ba, sun bi hanyoyin rijiyoyin gas ne: iri yana maƙalewa a lakar tayoyin manyan motoci, wani kuma ya zo cikin tsakuwar da ake zubawa. Ƙasar da aka kankare kuwa nan da nan suke mamaye ta.

Aka fi nanata wanke motoci kafin su shigo, da sanin inda aka ɗebo tsakuwa. Dattawa suka ce a mayar da gamba duk wurin da aka share tun daminar farko. Ni dai fadamar shinkafarmu ce ta fi damuna, shi ya sa na roƙi kowa ya tuge baƙuwar ciyawa kafin ta zubar da iri.