Abinci ya zube bayan an biya, wa zai ɗauki asara?

Jama'a ga abin da na tattaro daga maganganunku.

1. Kusan kowa ya yarda in ka biya, kaya ya shiga hannunka, to naka ne, in ya faɗi asararka ce. Masu ilimin cikinmu sun ce a fiƙihu ma ba dole a kan mai shago.

2. Amma in leda ce ta fashe, ko mai shayi ya saki kofi tun ba ka riƙe ba, shi zai sake.

3. Inda aka rabu kan yara ne. Yarinya an aike ta sayen ƙosai, kwano ya kife a bakin kwata, ta tsaya tana kuka don ta san abin da ke jiranta a gida. Wasu sun ce wallahi a zuba mata wani, ni ma nan nake. Wasu kuma suka ce mai ƙosai nawa ribar take, ga mai ya yi tsada, gara wani a wurin ya biya mata.

4. Manyan gidajen abinci kam, da yawa sun ce su sake, ba za su ji a jikinsu ba.