Zan dasa ciyawar fadama a lungun lambuna, ko zan yi da-na-sani?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani kwari a lungun lambuna, duk ruwan indararo nan yake taruwa. Sau biyu ina shuka fulawa a wurin, saiwar tana ruɓewa. To a bakin wani tafki na ga wata ciyawa da ke fitowa da kanta, kore shar, tsawonta ya wuce gwiwa, kanta kamar laima. Da na murza karan a yatsa sai na ji kusurwa uku gare shi. Ina so in ɗebo in dasa, amma maigidan ya ce dangin aya-aya ce, in ta shiga lambu sai dai mu bar mata wurin. Ga kuma maganar sauro. Don Allah me kuka gani?

Wani dattijo: Wa alaikumus salam, 'yata. Maigidanki bai yi ƙarya ba, dangi ɗaya ne. Kara mai kusurwa uku, ba gaɓa, ba rami a ciki, ita ce alamar yawancin dangin da masana ke kira Cyperaceae, kuma sun haura iri 5,000. Sai dai ba a taru an zama ɗaya ba. Ki koma da fartanya ki tono gindi ɗaya, ki wanke ƙasar tas. In kin ga saiwar a cure wuri guda kamar gemu, wannan mai zaman lafiya ce, inda kika ajiye ta nan za ki same ta. In kuwa kin ga zare yana tafiya a kwance, da 'yan ƙwallaye baƙaƙe a jere kamar carbi, ki mayar da ita inda kika gan ta.

Wani mai lambu: Hajiya, ni dai ban ba ki goyon baya ba. Garin kwaso ƙasar bakin rafi na shigo da aya-aya lambuna, yau damina uku ke nan muna fama. Abin haushin, in ka sa fartanya ka tsinka zaren, ƙwallayen da ke barci duk sai su farka, ɗaya ta zama biyar. Ko ciyawarki mai hankali ce, ƙasar da za ta zo da ita fa?

Wata 'yar'uwa: Malam, ai shi ya sa Baba ya ce a wanke saiwar. 'Yar'uwa, ni ga yadda na yi da tawa. Na samu tsohon baho na roba, na binne shi a kwarin, na bar bakinsa ya ɗan ɗaga sama da ƙasa kamar faɗin yatsu uku don kada saiwa ta tsallake. Na cika shi da ƙasa mai laka, ban sa taki ba ko kaɗan, don taki gansakuka kawai yake jawowa. Wajen dasawa kada ki binne wuyanta, daidai inda ƙasa ta tsaya mata a da nan za ki tsayar. Farkon damina ya fi, ta kama kafin rani. Da rani kuma bokiti ɗaya yana ɗaukar ta kwanaki, tunda bahon ba ya yoyo. Duk bayan shekara biyu ina ciro ta in raba gida huɗu, in ba haka ba tsakiyar ke mutuwa.

Batun sauro kuwa, daga ƙwai zuwa mai fiffike yana cin kamar kwana 7 zuwa 10 cikin ruwa kwantacce. Ita ciyawar, danshi take so a gindinta, ba dole sai kududdufi ba. Ki cika ƙasa har baki, ruwan da ya kwanta a kai ya janye cikin kwana biyu, shi ke nan. Kuma ki auna, in kwarin bai kai mita 3 daga bango ba, ki ja indararon gaba.

Wani matashi: Anti, in dai mai kan laimar nan ce, ƙila ma ba sai kin yi tono ba. Ki yanko kai ɗaya da ɗan kara, ki rage tsawon ganyen da almakashi, ki kifa shi cikin kofin ruwa, kai ƙasa kara sama. Cikin 'yan makonni saiwa da sabon tsiro za su ɓullo daga tsakiyar ganyen. Ba ƙasa, ba baƙuwar ƙwallo. In tafkin na da mai shi a nemi izini, kuma kada a kwashe gindi gaba ɗaya, kwaɗi da tsuntsaye nan suke fakewa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na je na tono kamar yadda Baba ya ce. Babu ƙwallaye, amma akwai wata saiwa mai kauri, gajeriya, a kwance, karare na fitowa a jikinta a jere. Saboda haka baho zan sa. Na kuma kifa kai uku a kofi a bakin taga, maigidan sai wucewa yake yana leƙawa. Sauran tambaya ɗaya: ruwan kofin nan, kullum zan riƙa canzawa ko sai ya yi duhu?