Dan Allah shawara: kyauta tana sa ma'aikata su kula da lafiyarsu kuwa?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan abin. Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani a nan Sharada, mun kusa 200 in aka haɗa da leburori da direbobi da masu gadi. Watan jiya wani direbanmu, mutumin kirki wallahi, ko shekara 50 bai kai ba, ya yanke jiki ya faɗi a bakin get bayan sallar azahar, da aka kai shi asibiti aka ce jininsa ne ya hau har ya taɓa masa ɓarin jiki na dama, kuma bawan Allahn nan bai taɓa sanin yana da hawan jini ba don ko sau ɗaya bai taɓa gwaji ba. Yanzu yana gida, magana ma da ƙyar take fita, ga yara ƙanana.

Abin ya girgiza ogammu sosai, sai ya ware kuɗi ya ce in tsara gasa ta wata uku. Wanda ya fi kowa rage ƙiba a ba shi firij, wanda ya fi yawan taku a manhajar waya a ba shi buhun shinkafa, wanda ya bar shan sigari a ƙara masa wani abu a albashi. Niyyarsa mai kyau ce, amma ni dai hankalina bai kwanta ba, saboda direban nan siriri ne, ba ya shan komai, da wannan gasar aka yi bara babu abin da za ta tsinana masa. Toh shin akwai inda aka gwada irin wannan aka ga amfaninsa? Ranar Litinin zan kai masa takarda kuma ba na so kuɗin nan su tafi a banza.

Bakano a Amurka:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. A nan inda nake wannan abu ya zama ruwan dare, saboda yawancin ma'aikata ta wajen aikinsu suke samun inshorar lafiya, to duk ma'aikacin da ya kwanta ciwo kamfani ne ke jin jiki. Tun 2014 dokar lafiya ta zamanin Obama ta yarda kamfani ya yi wa ma'aikaci rangwame ko ƙari har kashi 30 cikin 100 na kuɗin inshorarsa a kan irin waɗannan tsare-tsaren, in maganar sigari ce har kashi 50. Kin ga ba ƙananan kuɗi ba ne.

Amma an zo an auna abin da kyau kuma sakamakon bai yi wa masu tallarsa daɗi ba. A Jami'ar Illinois an ɗauki ma'aikata kusan 5,000 aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka gayyace su cikin shirin da kyautar kuɗi, wasu aka bar su haka nan don a kwatanta. Da aka duba daga baya, kuɗin asibiti bai ragu ba, fashin aiki bai ragu ba, awon jini da nauyi duk kusan ɗaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne waɗanda suka yi rububin shiga tun farko su ne masu lafiyar, masu zuwa motsa jiki dama can, waɗanda kuɗin asibitinsu kaɗan ne tun kafin a fara. Masu ƙaramin albashi da masu shan sigari, waɗanda aka yi abin dominsu, su ne suka fi nokewa. Wani binciken da aka buga a 2019 a kan ma'aikata wajen 33,000 na shagunan BJ's ma haka, bayan wata 18 mutane sun fi cewa suna motsa jiki da bakinsu, amma ma'auni bai nuna wani bambanci ba.

Sai dai akwai abu ɗaya a na Illinois ɗin da zai miki amfani. Da babu kyauta, kashi 47 ne suka je gwajin lafiya, da aka sa dala 100 suka koma 59, da aka ninka zuwa dala 200 sai 63 kawai. Wato kyauta tana fito da mutum ya zo gwaji, kuma ba sai ta yi girma ba. Ni a wajen aikina ana ba mu maki a kan taku, na ga da idona mutum yana zaune a kujera yana kaɗa hannu don agogon ƙirga taku da ke hannunsa ya ƙirga, saboda haka batun manhajar nan ki yi hattara. Sannan kar ki bari ogan ya juya abin ya koma tara, a 2018 malaman makaranta a jihar West Virginia sun tafi yajin aiki kuma cikin abin da ya tunzura su har da wata manhaja Go365 da aka so a ɗora musu, wanda bai tara maki ba a ƙara masa kuɗin inshora.

Nas Anti:

Ƙanwata ki ajiye maganar firij ɗin nan dan girman Allah. Shekarata 19 ina aikin jinya kuma na san abin da zai faru, ranar da kika ce za a ba wanda ya fi ramewa firij, washegari mata za su fara sayen shayin rage ƙiba da maganin wankin ciki na kasuwa, wasu su daina cin abinci, a zo a taɓa ƙoda a banza, mai ciwon suga ya ƙi cin abinci alhali yana shan magani sugansa ya faɗi a gaban inji. Kuma wata uku na cika kowa ya koma gidan jiya, nauyin ya dawo har da ƙari. Banda kunya, ki ɗora babban mutum mai iyali a sikeli gaban yaransa ana kallo ana dariya, wallahi ba zai sake zuwa ba.

Ki ba da lada a kan abin da mutum ya aikata, kar ki bayar a kan abin da jikinsa ya nuna, don wani gado ya yi, wani haihuwa ce ta bar mata jikin, babu yadda za su yi. Ya zo an gwada jininsa da sugansa, a ba shi katin waya ko kwalbar mai a take a wajen, ba sai ƙarshen wata ba. Kowa ya zo ya samu, babu na ɗaya babu na biyu. Wanda aka samu awonsa ya kai 140/90 ko ya wuce, a sake gwada shi wata rana daban, in ya tabbata a tura shi ganin likita, kuma babbar kyautar a nan ya kamata ta zauna: ya je asibiti ya dawo da shaida, sannan duk wata ya zo an duba. Domin matsalarmu ba ganowa ba ce kaɗai, mutum zai fara shan magani sati uku ya ji ciwon kai ya tafi ya ce ya warke ya ajiye, alhali hawan jini ba ya sallama, yawanci ma ba ya nuna wata alama sai ya kayar da mutum. In da ni ce, rabin kuɗin ogan nan magani zan saya da su, magungunan hawan jini irin su amlodipine ba su da tsadar da kamfani zai gagara, amma ga lebura mai 'ya'ya bakwai kuɗin kowane wata nauyi ne.

Abu na ƙarshe kuma shi ya fi komai, sirri. Sakamakon kada ya bi ta ofishinki, kada oga ya gani. Ma'aikacin lafiyar da kuka ɗauko shi zai riƙe, ke adadi kawai za a ba ki, mutum kaza suka zo, kaza aka tura asibiti. In direbobi suka ji ƙishin-ƙishin cewa wanda aka samu da hawan jini za a karɓe masa mota, ko da zinare za ki raba ba za ki ga ƙeyarsu ba.

Malam Na Zazzau:

Anti na yarda da ke a kan ƙiba amma kar a yi wa kuɗi kuɗin goro, a wajen sigari an ga aikinsu. A 2009 an buga wani gwaji da aka yi da ma'aikatan kamfanin General Electric su 878, rabi aka ba su bayani kawai a kan inda za su sami taimako, rabi aka ce akwai dala 750 amma a rarrabe: 100 in ka kammala zaman koyon yadda ake bari, 250 in ka bari cikin wata shida, 400 in ka ƙara wata shida ba ka koma ba. Kuma ba da baki ake yarda ba, yawu ko fitsari ake gwadawa. Kashi 14.7 na masu kuɗin suka bari, ɗaya ɓangaren kashi 5, kusan ninki uku ke nan. Bayan an daina biya wasu sun koma, amma duk da haka 9.4 da 3.6 ne, tazarar ba ta ɓace ba. Ki lura kaso mafi tsoka a ƙarshe aka ajiye shi, don barin sigari na sati biyu kowa zai iya, watan azumi ma da yawa suna ragewa su koma bayan salla.

An kuma gwada wani salon da ma'aikatan CVS, kamfanin shagunan magani na Amurka, aka buga a 2015, mutum ya ajiye dala 150 nasa, in ya bari a mayar masa a ƙara masa 650, in ya kasa sun tafi. Waɗanda suka yarda suka ajiye sun fi cin nasara nesa ba kusa ba, matsalar dai kashi 14 ne kacal suka yarda, alhali kyauta zalla kashi 90 suka karɓa. Ni da na karanta sai na tuna adashi, mu ai mun saba zubi muna jiran kwasa, ina ganin in abokai biyar masu son bari suka haɗa kansu da kansu kamfani ya ɗora musu wani abu a kai zai iya tafiya. Amma da yardarsu, kar a cire daga albashin kowa.

Ɗan Lebura:

Hajiya ki yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina don ni a irin wajen nan nake aiki, ba naku ba amma duk kanwar ja ce. Mu da muke tsaye awa 12 a gaban inji, da yawanmu da ƙafa muke zuwa mu koma saboda kuɗin adaidaita, sai a ce mana mu yi gasar taku? Wayar da yawanmu ma ƙarama ce ba ta ɗaukar manhaja, kuma ba a yarda mu shiga da waya cikin fakitori ba, kin ga shinkafar nan ta 'yan ofis ce tun ba a fara ba. In ana son lafiyarmu a sa mana ruwan sanyi mai tsabta a ciki lokacin zafi, a gyara fankokin da suka mutu, a ba mu abin toshe hanci mai kyau saboda ƙura, mai abincin kantin a ce ta rage gishiri da magi da manja. Kuma ranar da mutum ya je asibiti kar a yanke masa kuɗin yini, wannan shi ne dalilin da ya sa ba ma zuwa, ba wai ba mu san ciwon kanmu ba ne. Ni na yi wata huɗu ina jin jiri ban je ba saboda in na je ranar ta tafi a banza kuma yara za su ci abinci. Ki faɗa wa oganku wannan dan Allah, ko shi kaɗai ya gyara ya yi mana komai.

Maman Hanif:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi kun buɗe min ido. Ɗan uwa maganarka ta taɓa ni, don na duba littafinmu yanzu mu ma haka muke yi wa masu aikin yini, kuma ban taɓa haɗa shi da wannan ba. Ga abin da zan rubuta: a soke firij da gasar taku, a ɗauko ma'aikatan lafiya daga waje su yi gwaji a lokacin aiki har da masu kwanan dare, duk wanda ya zo a ba shi ɗan abu a hannu, wanda aka tura asibiti a biya shi yininsa cikakke kuma kamfani ya ɗauki maganin. Na sigari zan sa shi a rarrabe yadda Malam ya kawo. Inda nake jin tsoro shi ne oga mutum ne mai son biki da hoto, yana so a ga ya miƙa babbar kyauta, ban san ko zai yarda da abin da ba a gani ba, ku taya ni da addu'a. Anti, ina so in sa a sayi na'urar awon jini a ajiye a kamfani, wace iri ce ta dace?

Nas Anti:

Ki sayi mai batir wadda ake ɗaurawa a dantse, kar ki sayi ta wuyan hannu, ta fi yin kuskure. Ki tabbata an haɗo miki da maɗauri biyu, madaidaici da babba, don in kika matsa ƙaramin maɗauri a hannun mai jiki awon zai hau ki tsorata mutum a banza. Kafin a gwada ya zauna minti biyar ya huta, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba surutu, kuma a tambaye shi in ya ci goro ko ya sha sigari ko shayi mai ƙarfi cikin rabin awar da ta wuce a ɗan jira. A gwada sau biyu a rubuta duka. In kika ga 180/120 ko sama, musamman da ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji ko baki ya karkace ko hannu ya mutu, kar a jira komai, a sa shi a mota sai asibiti. Ki turo min ranar da kuka tsayar, in ba ni da aiki zan zo in nuna wa wanda zai riƙe ta yadda ake yi.