Awon TCD ya kai 200 ga yaro mai sikila: me ke ceton ƙwaƙwalwarsa?

Sista_Gwale:

Assalamu alaikum. Likitoci da 'yan'uwa ma'aikatan jinya, a taimaka da bayani. Iyayen yara masu sikila na zuwa ƙananan asibitocin unguwa da takardar awon TCD (awon jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da na'urar sauti), wani an rubuta masa 160, wani 185, wani 210 kuma an ɗora shi kan kafson haidiroksiyuriya, maganin sikila. Me wannan lamba ke aunawa? Ta yaya ɗan shekara 4 zai samu shanyewar ɓarin jiki irin ta dattijo mai hawan jini? Kafson ya wadatar, ko sai da ƙarin jini? Sannan in aka kawo yaro hannu ya riga ya saki, me ya kamata a yi kafin ya isa babban asibiti?

Likitan_Yara_Tarauni:

Wa alaikumus salam, Sista. A fara da dalilin, sauran zai zo da sauƙi.

Ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara 5 tana cin sukari kusan ninki biyu na abin da ta babba ke ci, saboda a lokacin ne take gina hanyoyinta. Kuma ba ta da rumbu: abin da jini ya kawo yanzu, shi za ta ci yanzu. To yaro mai SS yana yawo da PCV (kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini) 20 zuwa 25, wato jininsa na ɗaukar oksijin kaɗan. Dabarar da jiki ke yi ita ce ya buɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa iya buɗewa, ya ƙara gudun jinin. Hakan na riƙe yaron a ranar lafiya, amma babu sauran rara. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ya sauke PCV zuwa 14, ko ciwon ƙirji ya rage oksijin, jijiyar ba ta da inda za ta ƙara buɗewa. Ga kuma ɓarnar da jajayen ƙwayoyin jini masu lanƙwasa da fashewa ke yi wa bangon manyan jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa. Bangon ya yi kauri, hanyar ta tsuke. Shi ya sa abin ya fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 9. Inda ba a awo ba a rigakafi, kusan yaro 11 cikin 100 masu SS zai samu shanyewar jiki kafin ya kai 20.

TCD gudun jini yake aunawa, santimita nawa a daƙiƙa. Ana ɗora kan na'urar a gefen kai, gaban kunne, inda ƙashi ya fi siranta. Kamar tiyon ruwa ne: in ka matse bakinsa, ruwan ya fi fita da ƙarfi. Ƙasa da 170 lafiya lau, a dawo baɗi. Daga 170 zuwa 199 ana sa ido, a maimaita cikin 'yan watanni, a fi gaggautawa in yaron ƙarami ne ko lambar ta kusa 200. Daga 200 zuwa sama haɗari ne, a maimaita cikin mako ɗaya ko biyu; in ya kai 220 ba a jiran maimaici. Binciken STOP da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna irin waɗannan yara, in an bar su, kusan 10 cikin 100 na kamuwa duk shekara, ƙarin jini na wata-wata kuma ya rage haɗarin da kusan kashi 90.

Lambar na iya ruɗarwa. Waɗannan iyakoki na matsakaicin gudu ne, ba ƙololuwar bugun zuciya ba. Wanda ya karanta ƙololuwar zai tsorata iyaye a banza. Na'urar da ke haɗawa da hoto tana ba da lamba ƙasa kaɗan, don haka a wurinta 185 ne haɗari. Kada a auna yaro yana zazzaɓi, ko yana barci, ko yana tsala kuka, ko an yi masa ƙarin jini kwanan nan. Lambar da ta faɗi ƙasa da 70 kuma ba albishir ba ce, tana iya nufin jijiyar ta kusa toshewa. Awon na kowace shekara ne, daga shekara 2 zuwa 16.

Famasis_Fagge:

Dakta ya gama da awo, bari in ɗauki maganar kafso. Ƙarin jini duk wata shi ne mafi ƙarfin hujja, ba musu. Amma kowa ya san yadda samun ledar jini ɗaya take a nan Kano, balle a ce shekara da shekaru, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a hanta da zuciya, wanda cire shi ma wani kuɗi ne. Amsar tambayarki, Sista, a nan gida aka samo ta. Binciken SPRING, wanda aka yi a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Barau Dikko na Kaduna, aka wallafa a 2022, ya ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 masu TCD 200 ko fiye. Rabi aka ba su miligiram 10 kan kowane kilo a rana, rabi miligiram 20. Uku suka samu shanyewar jiki a rukunin farko, biyar a na biyu, wato ƙasa da 2 cikin 100 a shekara, a inda ake tsammanin 10. Ta fuskar shanyewar jiki babu bambanci na a zo a gani, sai dai masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Ni a ganina 20 ɗin ya fi, kuma shi ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta ba da shawara a 2020 ga wuraren da ƙarin jini ke wuya. In aljihun uba bai kai ba, 10 da ake sha kullum ya fi 20 da ake tsallake.

Aikin maganin: yana sa ɓargo ya ƙara yin irin jinin jarirai, HbF, wanda ba ya lanƙwasa, PCV ya ɗan hau, fararen ƙwayoyin jini masu manne wa bango su ragu, gudun jinin ya lafa. Wata uku zuwa shida ake ɗauka kafin a ga canji sosai, a gaya wa iyaye tun farko don kada su ce ba ya aiki.

Inda ake tafka kuskure shi ne lissafi. Yaro mai kilo 25, kafso ɗaya na 500 daidai ne. Mai kilo 15 miligiram 300 yake buƙata, a nema masa ƙananan kafso ko famasis ya haɗa masa na ruwa, ba uwa ta buɗe na 500 ta raba garin da ido ba. A riƙa ɗora yaro kan sikeli duk zuwa, domin wanda aka rubuta wa magani yana kilo 15 ya kai 22 bai canza ba, a zahiri an rage masa. Gwajin ƙirgen jini kafin a fara, sannan bayan wata guda, in ya daidaita duk bayan wata biyu zuwa uku. In nutrofil (fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta) sun faɗi ƙasa da 1,000 ko filetilet (masu tsayar da zubar jini) ƙasa da 80,000, a dakata, a sake gwaji bayan mako, likita ya sake tsara adadin. Mai ciki kada ta taɓa garin da hannu. Masu cewa "ai maganin kansa ne" a yi musu bayani a tsanake: an fi shekara 20 ana ba yara masu sikila.

Dakta_Imajansi:

Tambaya ta ƙarshe ita ce mai zafi. In jijiya ta toshe, tsakiyar wurin kan mutu cikin mintuna. Amma kewayensa akwai ƙwayoyin da suka daina aiki ba su mutu ba, suna rayuwa da ɗan jinin da ke zagayowa ta ƙananan jijiyoyi. In ƙarfinsu ya ƙare, sinadarin gulutamet ya malalo, kalsiyam ya cika cikinsu, su kumbura su mutu, su ja na kusa da su. Duk abin da ake yi a awannin farko don su ake yi, kuma lissafin ɗaya ne: a ƙara abin da ke isa gare su, a rage abin da suke ƙonawa.

Alamu: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta harɗe, yaro na jan ƙafa ba tare da ciwo ba, jijjiga a ɓari ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani da amai. Ko ya warware bayan minti 10, a ɗauke shi a matsayin shanyewar jiki. A gida za a ce iska ce ko shan inna, a tsaya hayaƙi har gari ya waye. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a cikin Adaidaita Sahu.

A ƙaramin asibiti, Sista: a kwantar da shi ta gefe, a sa oksijin a riƙe shi sama da 95. A duba sukari nan take, in ya yi ƙasa a ba da dekstros (ruwan sukari na jijiya) kashi 10, mil 5 kan kowane kilo. Zazzaɓi na ƙara wa ƙwaƙwalwa yunwa, a sauke shi da farasitamol miligiram 15 kan kilo, a yi gwajin maleriya. Jijjigar da ta wuce minti 5 a tsayar da ita, dayazifam ta dubura, rabin miligiram kan kilo. Ƙarin ruwa ta jijiya ya zama na gishiri, daidai buƙatar jiki. Dekstros 5 zalla ko tuttula ruwa na ƙara kumburin ƙwaƙwalwa. Kada a ɗura masa komai ta baki, ko rubutu ko shayi, sai an tabbatar yana haɗiya, don ya kan wuce huhu. A ɗebi PCV, a rubuta lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, a tura shi tare da 'yan'uwa masu ba da jini.

Ainihin maganin jini ne, kuma ana so a fara cikin awa 2 da isowa, ba a jiran hoton ƙwaƙwalwa. Hoton CT na awannin farko kan fito fes alhali ɓarna na gudana. Amfaninsa ya nuna ko zubar jini ce. In haemogulobin (sinadarin jini mai ɗaukar oksijin) 8.5 ne ko ƙasa, wajen PCV 25, a yi ƙarin jini kai tsaye, mil 5 zuwa 10 kan kilo, amma kada haemogulobin ya wuce 10, wato PCV 30. Nan ake yin ɓarna da kyakkyawar niyya: jini mai sikila in ya yi kauri ya fi toshewa. In haemogulobin ya haura 8.5, musanya ake yi, a cire nasa a zuba na AA, har HbS, wato jinin sikila, ya sauka ƙasa da kashi 30.

Sista_Gwale:

Allah ya saka. To asfirin fa, da alluran "gyaran ƙwaƙwalwa" da ake rubutawa?

Likitan_Yara_Tarauni:

Asfirin a'a kafin hoto, domin in jijiya ce ta fashe an ƙara masa zuba. Allurar narkar da gudan jini da ake yi wa manya ba a ba yara masu sikila. Su sitikolin kuwa, wato alluran "gyaran ƙwaƙwalwa", babban gwajin da aka wallafa a 2012 a kan manya bai nuna amfani ba, babu kuma hujja a yara. Kuɗinsu a sayi jini da haidiroksiyuriya.

Bayan an sallame shi aiki bai ƙare ba. In ba a ɗora shi kan komai ba, kusan biyu cikin uku na sake kamuwa, galibi cikin shekara biyu zuwa uku. Don haka ƙarin jini a kai a kai in zai samu, in ba haka ba kafso kullum, ga gidan sauro da maganin rigakafin maleriya, a kuma fara gashin asibiti, wato fisiyo, da wuri. TCD ba shi ne ma'auninsa ba daga nan, hoton ƙwaƙwalwa na MRI ne. Ki kuma riƙa tambayar iyaye karatun yaro: fiye da ɗaya cikin uku na masu SS suna da ƙananan tabo a ƙwaƙwalwa kafin shekara 18 ba tare da hannu ya taɓa saki ba. Yaron da hadda ta fara zube masa, ko ya kasa riƙe aike biyu, a rubuta masa takardar zuwa asibitin sikila a duba shi.